Baturiyar da Ta Zo Neman Kabari a Gonarmu

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa. Akwai abokan yarinta da na manta sunayensu, akwai garuruwan da na kai gishirin manda a bayan jaki waɗanda yau ba zan iya faɗa maka ta ina ake shigarsu ba. Amma abin da aka yi mana a gonarmu a wata damina, ƴan shekaru bayan jirgin ƙasa ya iso Nguru, wannan kam ba zan manta da shi ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Har yau in ya faɗo mini a rai, ko abinci nake ci sai in tsame hannu.

Ƙauyenmu yana kudu da Gure, ba nisa sosai. A lokacin ni magidanci ne, da matata da ƴaƴa biyu ƙanana, ina noman gero da damina, da rani in bi fataken manda. Sai dai duk baƙon da ya gan ni sai ya sake dubawa, domin ni ja ne, kuma ba irin jan Fulani ko na Buzaye ba. Gashina in ya yi tsawo kwanciya yake yi, shi ya sa ban cika nisa da wanzami ba, kuma hula ba ta barin kaina. Kowa a ƙauyen ya san dalili, ba kuma mai faɗa.

Ga dalilin. Tun kafin a haife ni, zamanin da Nasara suke yawon awon ƙasa don su raba ta Faransi da ta Ingilishi, wani Baturen Ingilishi daga cikin masu awon ya yi zango kusa da ƙauyenmu. Innata a lokacin bazawara ce, tana zaune gidan mahaifinta. Baturen ya aika wa kakana saniya da turamen zane, aka kai masa ita. Ko wannan aure ne ko ba aure ba ne, malamai sun yi gardamarsu har sun gaji, ni ban taɓa tambayar Inna ba. Abin da na sani shi ne, da zazzaɓi ya kayar da shi, idanunsa suka koma kamar ɗorawa, abokan tafiyarsa suka ce aiki ba zai jira ba, za su je su dawo. Inna ce ta yi jinyarsa. Ita ta riƙa ɗura masa kunu, ita ta riƙa kwashe ƙazantarsa. Da ya cika, mutanen gari suka ce ba za a sa shi a maƙabartarsu ba, sai kakana da kawuna suka haƙa masa rami a gindin wata aduwa a tsakiyar gonarmu. Abokan nasa suka dawo daga baya, suka ga wurin, suka jera ƴan duwatsu a kai, suka wuce abinsu. Inna kuwa tana ɗauke da cikina.

Wanda nake kira Baba ya auri Inna ina goye a bayanta. Shi ya koya mini riƙon hauya, shi ya kai ni kaciya, shi ya nema mini aure. Sau ɗaya tak yaran unguwa suka biyo ni suna waƙar mai jan kunne, Baba ya bi gidajen iyayensu ɗaya bayan ɗaya, bai yi faɗa da kowa ba, gaisuwa kawai ya yi da ƴar magana kaɗan. Daga ranar ban ƙara jin waƙar ba. Kabarin kuwa Inna ba ta bar shi ya ɓace ba. Kowace shekara kafin shuka takan je ta cire ciyawa, ta gyara duwatsun, ta jibga ƙaya don kada dabbobi su tattake. Ba ta kuka a wurin, ba ta daɗewa. In mata suka yi mata magana sai ta ce, “Baƙo ne, a hannunmu ya mutu.” Baba bai taɓa hana ta ba, in yana noma ya zo wurin sai ya kewaye.

A shekarar da nake ba ka labari ba mu daɗe da fita daga wahalar fara ba. Rumbuna sun daɗe ba su ga cika ba, mun ci tafasa da hanza mai ɗaci har bakinmu ya saba. Sai Allah ya ba mu damina mai kyau. Geron gonarmu ya tashi ya fi mutum tsawo, ya fitar da kai, ya fara zuba ido. Da safe nakan je in tsaya a bakin gonar ba don wani aiki ba, don dai in kalle shi raina ya yi sanyi.

Ana cikin haka sai ga gardi, wato dogarin Nasara, a kan doki ya sauka ƙofar bulama, wato mai garinmu. Ya ce gobe kumandan na Gure, Baturen Faransi mai mulkin yankin, zai zo da baƙuwa, duk namiji mai ƙarfi ya fito da adda da hauya, a haɗu a gonar da aka binne Nasara. Bai ƙara bayani ba. A zamanin nan ba a tambayar gardi dalili.

Washegari da hantsi suka iso a kan dawakai, don mota ba ta iya ratsa rairayinmu. Kumandan a gaba, gardi uku ko huɗu a baya, a tsakiya wata dattijuwar Baturiya doguwa, siririya, da malafa da tabarau. Ta zo da tafintanta, wani Bakano mai jin Ingilishi. Shi ya yi wa bulama bayani, mu muna tsaye a jere muna saurare. Ya ce madam daga Amurka take. Kakannin kakanninta mutanen Ingila ne, suna cikin na farko da suka shiga jirgin ruwa suka je can suka kafa gari. Ita kuma ta ɗauki shekaru tana bin diddigin asalinsu, gari bayan gari, maƙabarta bayan maƙabarta, har ta gano gidan da suka fito a Ingila. Ta tarar mutanen gidan duk sun mutu, aka gaya mata na ƙarshensu ya zo ƙasar baƙar fata awon iyaka, bai koma ba. Shi ne ta biyo jirgin ruwa, ta biyo jirgin ƙasa har Nguru, ta zo ta ga inda yake kwance.

Ba zan ɓoye maka ba, da na ji haka sai wani abu mai kama da murna ya shige ni. A lissafinmu ai wannan matar gwaggota ce, ko da ta nesa ce. Mutum ya ƙetare teku don neman danginsa, me zai yi in ya tarar da su da rai? Inna ma da alama haka ta zata. Na hango ta tana tahowa ta cikin gero, ta ɗaura baƙin zanenta na rini wanda ba ta fito da shi sai da salla, a hannunta sabuwar ƙwarya cike da fura da nono, an rufe da faifai. Ta zo ta tsaya a gefe tana jiran a ba ta hanya ta tarbi baƙuwa. Ba wanda ya ba ta hanya.

Baturiyar ta sauka, ta nufi gindin aduwar, ta durƙusa a gaban duwatsun. Ta yi kuka, kuka na gaske, kafaɗunta suna rawa. Ta shafa duwatsun, ta ɗebi ƙasar wurin ta ƙulle a cikin adiko. Har na ji tausayinta, Allah ya sani. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da hoto, ta miƙa wa tafinta, ta ce a nuna wa tsofaffin gari su tabbatar ko shi ne mutumin.

Bulama ya karɓa ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago kai bai kalli tafinta ba, ni ya kalla, sannan ya yi sauri ya kawar da ido. Aka miƙa wa tsoho na gaba, shi ma haka. Hoton yana tafiya hannu zuwa hannu, idanu suna dawowa kaina, har ya iso kusa da inda nake na leƙa. Ni dai fuskata a ƙaramin madubin matata na san ta, amma na gane ta a hoton nan take. Goshina ne, kunnuwana ne da suka baje, har tsagar da ke haɓata tana nan. Saurayi ne, bai ma kai shekaruna na lokacin ba. Ranar na fara ganin wanda ya haife ni, a tsaye cikin rana, da adda a hannuna, ina jiran a sa ni aikin dole.

Bulama ya ce, “Shi ne, ranka ya daɗe.”

Baturiyar ta gyaɗa kai ta yi wata doguwar magana tana share hawaye. Tafinta ya juya mana: “Madam ta ce wannan da ke kwance shi ne na ƙarshe a gidansu na Ingila. A kansa zuriyar ta ƙare, a wannan dajin.”

Sai na ji ƙarar ajiye ƙwarya a ƙasa. Inna ce. Ka sani ni ɗan fari ne, tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa cewa ɗana ba ko a cikin ɗaki. In za ta aike ni sai ta ce, “Kai, wancan.” Wannan matar mai kunya ita ce ta ratsa tsakanin maza ta zo gaban tafinta.

Ta ce, “Malam, gaya mata ba ta ƙare ba. Ga ɗansa can tsaye. Ɗana ne, ni na haife shi. Yana da ƴaƴa biyu a gida, in tana so a ɗauko mata su ta gani.”

Tafinta ya rage murya ya ce, “Iya, ki rufa wa kanki asiri. Wannan magana ba za ta amfane ki da komai ba.”

Inna ta ce, “An kawo ka ne ka faɗi abin da aka faɗa, ko ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi? Gaya mata.”

Ya gaya mata. Ina kallon fuskarta lokacin da maganar take shiga kunnenta. Ta miƙe a hankali, ta bi inda Inna ta nuna da ido, ta tako har gabana. Kumandan ya yi wa wani gardi alama, gardin ya sa bakin bulala ya ture hulata ta faɗi ƙasa, kamar ana buɗe bakin jaki a kasuwa a ga haƙoransa. Ni magidanci, a gaban Babana, a gaban surukina. Ta kalli hoton, ta kalle ni. Ta cire tabarau ɗinta ta goge, ta mayar, ta sake kallo. Wallahi ta gane ni. Ko a gaban wa zan rantse ta gane ni, don na ga hannunta ya ɗan ɗago kamar za ta taɓa fuskata, sai ta janye shi. Ta mayar da hoton cikin jaka, ta rufe jakar, na ji ƙarar maɓallin. Ta yi magana ƴar gajeruwa, ba ta ƙara kallona ba.

Tafinta ya faɗa yana duban ƙasa: “Ta ce kuskure aka yi. Ta ce mutumin bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, haka danginsu duka suka sani. Ta ce ta gode da kika kula da kabarin.”

Kumandan ya yi wata magana da Faransanci ya yi dariya, gardi suka taya shi. Daga baya na ji abin da ya ce, wai kowane ƙauye akwai tsohuwar da za ta ce Bature ya yi mata ciki in ta hangi kyauta. Aka ciro gwangwanin sukari daga kayan madam aka miƙa wa Inna, ladan gadin kabari. Inna ba ta miƙa hannu ba. Gardin ya gaji ya ajiye shi a gaban ƙafarta. Ta tsallake shi, ta je ta ɗauki ƙwaryarta yadda ta kawo ta a rufe, ta juya ta shiga cikin gero. Ba ta yi sauri ba, ba ta waiwaya ba.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye shi, mun saba haɗiye abubuwa a zamanin nan. Amma sai aka faɗi aikin da aka tara mu dominsa. Madam tana so a gina kabarin da dutse da siminti, a share fili mai faɗi kewaye da shi, a kuma buɗe hanya miƙaƙƙiya daga bakin gona har wurin, wadda dawakai za su jera a cikinta, don in danginta suka zo ziyara kada su sha wahala. Hanyar ta tsakiyar geron da ya fi kowane kyau za ta bi.

Baba ya durƙusa a gaban dokin kumandan. Tsoho ne a lokacin, gwiwarsa tana ciwo. Ya ce, “Ranka ya daɗe, a yi mana haƙuri kaɗan. Geron nan ya kusa nuna. In muka girbe, da hannunmu za mu share muku duk inda kuke so.” Aka juya masa amsa cewa madam ba za ta iya jira ba, tana so ta ga an gama da idonta kafin ta koma.

Haka muka shiga sara. Da hannuna na sare geron da na shuka, na nome, na yi wa maimai. Ɗanyen gero in ana sare shi yana da wani ƙamshi, har yau ba na son jin sa. Maƙwabtana suna sara kansu a sunkuye, wanda ya zo kusa da ni sai ya ce a hankali, “Ka yafe mana.” Me zan yafe musu? Bulala ce a bayansu kamar yadda take a bayana. Aka tattara zangarniyar da ba ta gama nuna ba aka zuba wa dawakin gardi, muna kallo suna ci. Aduwar ma ba ta tsira ba, maginin da aka ɗauko daga Damagaram ya ce saiwarta za ta fasa siminti, aka sare ta. Muka koma jidar dutse a ka daga tsauni, da jidar ruwa daga rijiya, kullum tun safe har rana ta yi sanyi. Madam tana zuwa ta zauna a kan kujera a ƙarƙashin laima tana duba aiki. In na zo wucewa da dutse sai ta sami wani abin kallo a wani gefen.

Ranar da za a gama, magini ya shafe saman kabarin da siminti sumul, madam ta tsaya a kansa tana nuna masa yadda zai zana rubutu da tsinken ƙarfe tun simintin bai bushe ba. Ni na kawo tulun ruwa na ƙarshe. Na ajiye, na matsa kusa da tafinta na ce, “Malam, me aka rubuta?”

Ya ce, “Sunansa ne.”

Na ce, “Na ƙasan fa? Ai layi biyu ne.”

Ya ce, “An rubuta cewa shi ne na ƙarshen gidansa.”

Ban san lokacin da na isa bakin kabarin ba. Na buɗe tafin hannuna na dama na danna shi a kan rubutun da dukan ƙarfina, har simintin ya fito ta tsakanin yatsuna. Na ɗago, ga hannuna kwance a wurin, yatsu biyar. Na juya na kalle ta ido cikin ido, karo na farko, na ce wa tafinta, “Gaya mata ta karanta wannan ma.”

Ban san ko ya gaya mata ba, don kafin in rufe baki bulala ta sauka a wuyana. Suka kayar da ni a cikin karan geron da muka sare, suka yi ta duka. Ina jin muryar Baba yana cewa, “Ku dake ni a madadinsa, ni na yi masa tarbiyya.” Ta tsakanin ƙafafunsu na hango abu biyu. Na ga magini ya sa cokalinsa ya shafe hannuna, shafa biyu, kamar ba a taɓa yi ba. Na kuma ga madam a tsaye, ta juya baya tana kallon tsauni. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta tsayar da dukan nan. Matar da ta yi wa duwatsu kuka ba ta faɗi kalmar ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, ya fi bulalar, ya fi geron.

Aka ɗaure ni a bayan doki har Gure, aka jefa ni kaso, wato kurkuku. Da rana ana fito da mu mu yi ban ruwa a lambun bariki. Ina cikin wannan aikin wata rana sai ga tafintan nan, ya zo kamar mai neman wurin alwala, ya tsaya kusa da rijiya. Ya ce gobe za su kama hanyar Nguru. Ya ce in yafe masa, shi baki ne kawai aka ara. Har ya juya sai ya dawo ya ce, “Jiya ta tambaye ni sunanka. Na buɗe baki zan faɗa, sai ta ɗaga hannu ta ce in bari.” Ina jin ya gaya mini ne don in ji sanyi. Ni kuwa ƙara hura mini wuta ya yi. Da ba ta gane ba ne, da sai in ce jahilci ne. Ta sani sarai, ta zaɓi kada ta sani.

Ba a sake ni ba sai da aka gama girbi. Baba ne ya zo ɗaukata, da ƙafa, da gwiwar nan tasa mai ciwo. Ranar kasuwar Gure ce, kuma labarina ya riga ya gama gari. Abin da aka rufe shekara da shekaru an buɗe shi a bainar jama'a, yanzu kowa yana da bakin faɗa. Tun daga ƙofar bariki na fara jin raɗa: ga ɗan Nasaran nan da aka ƙi. Na ce, “Baba, mu kewaya ta bayan gari.” Ya ce, “Don me? Sata ka yi?” Ya kama hannuna kamar ƙaramin yaro ya ratsa da ni tsakiyar kasuwa. Duk rumfar da ya san mai ita sai ya tsaya ya yi sallama, ya ce da ƙarfi yadda na kusa za su ji, “Ɗana ne aka sako, ku taya ni godiya ga Allah.” Ya faɗa wa masu manda, ya faɗa wa mahauta, ya faɗa wa matan da ke sayar da dabino. Kafin mu fita kasuwar masu raɗa sun koma masu yi mini barka.

A gida na tarar da rumbu bai kai rabi ba. Matata ta sayar da akuyarta tun kafin sanyi ya wuce. Ƙaramar ƴata, wadda aka yaye a shekarar, ba ta ga damina ta gaba ba. Ba zan ce Baturiya ce ta kashe ta ba, rai na Allah ne, shi ke karɓar abinsa. Amma na san geron da ya kamata a dama mata kunu da shi, a gabana dawakin gardi suka cinye shi. Wannan lissafin ban iya hana zuciyata yin sa ba, kuma ban ga ranar da zan iya ba.

Kabarin kuma aka kewaye shi da waya, aka sa ƙofa da kwaɗo, mabuɗin yana bariki. Aka yi shela cewa duk baƙin mutum da aka kama a ciki zai sha kaso. Ka ji fa. Matar da ta hana wurin ɓacewa tun ina ciki, ita aka kulle a waje. Inna ba ta ƙara zuwa wajen ba, ko ta bakin gonar ba ta bi. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye ta, tana tsinke zogale a tsakar gida. Na ce, “Inna, me ya sa kika yi magana ranar nan? Da kin yi shiru da ba a wulaƙanta ki ba.” Ba ta ɗago ba. Ta ce, “An ce babu kai, kana tsaye a gabana. Wace uwa ce za ta yi shiru?” Daga nan ta koma kirana wancan har ta rasu.

Dangin da aka share wa hanya, ko ɗaya bai taɓa zuwa ba. Ciyawa ta cika cikin wayar, wayar ta yi tsatsa ta zube, daga baya rairayi ya taso ya haɗiye ginin gaba ɗaya. Na san daidai inda yake, amma ban tono shi ba, kuma ba zan tono ba. Mutumin da ke ciki ba ni da faɗa da shi, ya mutu bai san da ni ba. Rubutun da ke kansa ne ƙarya, gara ya zauna a ƙarƙashin ƙasa.

Mutane sukan ce mini in yi haƙuri, abin ya daɗe, matar ma ta daɗe da zama ƙasa. Haƙuri na yi, tunda ga ni na rayu na tsufa. Amma fushin ban ajiye shi ba, don shi ya koya mini abin da ban samu wurin kowane malami ba. Na gane akwai masu neman asalinsu ba don suna son dangi ba, sai don su sami abin taƙama. Irin waɗannan matattu suke nema, domin matacce ba ya jin yunwa, ba ya neman a amsa shi, ba ya ba ka kunya a gaban mutanenka. In ka zo musu da rai, da launin da ba su so, sai ka zama kuskure. Ni tun daga shekarar nan na daina auna dangantaka da jini ko kamannin fuska. Wanda ya tsaya a gaban jama'a ya ce nawa ne, a ranar da faɗin hakan zai jawo masa dariya da wulaƙanci, shi ne nawa. Mutum biyu suka yi mini haka a duniya, tsohuwa da tsoho, ba wanda ya taɓa ƙetare teku a cikinsu. In aka tambaye ni asalina, su nake faɗa, kuma daga kansu nake tsayawa.